Mutumin da Ya Wanke Shahidi

Idona ya yi rauni yanzu, saboda haka 'yata ce take karanta mini abin da ke shigowa cikin jawwal, wato wayar hannu. Wata Alhamis bayan La'asar ta dawo daga asibitin da take aiki, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Abuya, jikokin Madugu sun turo gayyata. Za su yi taro a istiraha, lambun nan na haya da ke wajen Ranuna, na tunawa da kakansu." Na ce ta karanta. Da Larabci aka rubuta, Larabci mai kwalliya irin na katin biki. Wai kakansu jarumi ne, ya tsaya shi kaɗai a bakin rijiya ya kare ayarin alhazai, ya harbe 'yan fashi uku kafin ya faɗi shahidi. A ƙarƙashin rubutun har da hoto. Ta matso mini da shi dab da hanci, na ga tsohuwar libarba a kan jan ƙyalle, an goge ta tana ƙyalli. Na yi dariyar da ta sa ni tari, har ta tashi ɗebo mini ruwa. Ba dariyar daɗi ba ce. Wannan bindigar da suke tallata yau, a kan faɗin cewa akwai ta aka mayar da mahaifina bare a unguwarsa har ya koma ga Allah.

Da na fara yi mata bayani sai ta ce, "Wallahi Abuya, nafs al-gissa, labarin iri ɗaya ne." Ta yi karatu a Amurka, ta zauna cikin wasu Kiristoci da aka kashe wanda ya kafa ƙungiyarsu a kurkuku, taron mutane ne suka afka masa. Mabiyansa suna cewa ya tafi kamar ɗan rago zuwa mahauta, masu suka kuma suna cewa ai da ƙaramar bindiga a hannunsa, har ya harba, don haka ba shahidi ba ne. Ta ce har yau ba a daina wannan ja-in-ja ba, ana haɗawa da gardamar ko jinin mutum yana kankare masa zunubi. Na ce mata ashe ba mu kaɗai Allah ya jarraba ba. Su dai nasu yana cikin littattafai, namu kuwa a bakin tsofaffi yake, tsofaffin kuma sun ƙare, saura ni da wani.

An haife ni a Harra ta Gabas, a nan Madina, lokacin da unguwarmu ba ta wuce ɗakunan baƙin dutse da bukkokin gwangwani ba. Da safe ba agogo ke tashe mu ba, turmi ne. Turmin Inna yana da murya mai kauri, na maƙwabciyarmu 'yar Damagaram kuma yana da tsaga a gindi, sai ka ji yana amsawa kamar mai mura. Bayan turmi sai kukan jaki, bayan jaki sai ƙarar garwar Baba, domin shi mai ɗibar ruwa ne, garwa biyu a kan sanda, yana tafe suna kiii-kiii har ya ɓace a kwana. Aikina na farko a duniya tsintar ƙwallon dabino ne. Mukan bi bakin gonakin Ƙuba da bayan shaguna mu cika buhu, a jiƙa shi kwana uku, a daka wa awaki. Da na ƙara girma aka ɗora mini farantin gyaɗa, in tafi Anbariyya in zauna kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa wadda jirgi ya daina zuwa tun ba a haife ni ba. Dutsen Harra da azahar yana ƙona tafin ƙafa, mu kuwa ba takalmi, sai mu riƙa tsalle daga inuwa zuwa inuwa. A lungu ɗaya za ka ji Kananci, ka ji Hausar Nijar, ka ji ta mutanen Sudan da ta Cadi, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dariyar yadda yake kiran abu. Yau in ka tsaya a lungun nan ba abin da za ka ji sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Ka yi wa yaro magana da Hausa, ya fahimce ka sarai, ya amsa maka da Larabci yana kallon jawwal. Ba na cewa dā ta fi daɗi, yunwa muka sha. Amma dā in an zage ka, da harshen uwarka ake zaginka, ka san inda ya yi maka zafi.

Duk wanda ke unguwar nan, ko shi ko ubansa, a ayari ɗaya suka zo, ayarin Madugu. Shi ya kwaso su daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Cadi, suka shiga Sudan, suna noma wa mutane su samu guzuri su ƙara gaba, shekara da shekaru. Shi kansa bai ga Madina ba, a hanya aka kashe shi. Labarin da muka tashi da shi kuwa ɗaya ne, kowace uwa ta haddace shi: 'yan fashi sun tare rijiya, Madugu ya fita musu ba ko sanda, sai carbi a hannu, ya ce ku ɗauki raina ku bar bayin Allah su sha. Suka soke shi yana salati. Mata in sun zo nan sai su ce ya miƙa wuya kamar ragon layya, jininsa ne ya fanshi ayari. Ba a kiran gidansa da sunan kowa sai gidan Shahidi. Babban ɗansa, wanda muke kira Alhaji Babba, shi ne shehun unguwa, shi hukuma ta sani, shi yake yi wa mutum shaida in yana neman takarda.

Labarin yana da wutsiya, wutsiyar kuma ita ce mahaifina. Kowa ya san shahidin fagen fama ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da tufafinsa da jininsa ake binne shi. To, da aka kawo gawar Madugu, mutane suka fara haƙa rami za su sa shi yadda yake, sai Baba ya hana. Ya tuɓe shi, ya ɗauki salka guda cikin ɗan ruwan da aka samo, alhali yara suna kukan ƙishirwa, ya yi masa wanka, ya tsaya ya yi masa salla, mutum huɗu kawai suka bi shi. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Wanke-Shahidi. Da wannan sunan na tashi. In mun yi faɗa da yara ba sa zagin uwata, sai su ce ɗan Wanke-Shahidi, a je a wanke mana jaki. Kowace shekara gidan Shahidi suna sadakar shinkafa da nama, a shimfiɗa darduma ga manya, Baba kuwa a bar shi a bakin ƙofa wajen takalma. A makon sadakar mata ba sa sayen ruwansa, sai ya tsallaka har Anbariyya neman masu saye.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu in na tuna shi ne gardamar dattawa. Bayan La'asar sukan zauna a inuwar bangon masallaci su tayar da maganar kamar jiya aka yi. Wani malami mutumin Sudan yana cewa duk wanda aka kashe da zalunci shahidi ne, wanke shi raina masa daraja ne. Wani Bakano yana cewa a'a, wanda ɓarayi suka kashe shahidin lahira ne, a duniya ana masa wanka kamar kowa, amma ya yi maza ya ƙara da cewa shi dai da yana wurin da bai taɓa gawar ba. Wani tsoho mai goro a baki kullum maganarsa ɗaya ce, jini sabulu ne, ko me mutum ya yi in an zubar da jininsa ya wanku. Sai a yi ta kai-kawo, a kawo littafi, a mayar da littafi. Mutumin da shi kaɗai ya raka Madugu rijiyar nan yana wucewa ta gabansu da garwa sau goma a yini, ba wanda ya taɓa cewa, Malam, tsaya, me ka gani?

Ni ma ban tambaya ba sai da na kai wajen shekara goma sha takwas. Muna zaune yana sake wa garwa igiya, na ce, "Baba, don me ka wanke shi? Da ka bari da yanzu muna zaune a kan darduma." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Riƙe mini nan." Na riƙe igiyar, shi kuma ya ba ni labarin a hankali, kamar mai faɗin hanyar kasuwa. Ayari ya kwana uku ba ruwa. Su biyu, shi da Madugu, suka tafi da jakuna, suka sami rijiya, a bakinta ba 'yan fashi, wani tsoho ne makiyayi yana shayar da raƙumansa. Tsohon ya ce su jira dabbobinsa su gama. Madugu ya ce yara suna mutuwa, ya kama guga. Tsohon ya ɗaga abin da ke hannunsa, Madugu ya zaro libarba daga cikin riga ya harbe shi sau ɗaya. 'Ya'yan tsohon suka ji ƙara suka rugo da masu, suka soke Madugu, suka tsaya a kan gawar ubansu suna kuka. Da suka ga Baba ba makami, suka bar shi ya cika salkuna ya ɗora gawa a jaki.

Na ce, "To ai kare kansa ya yi." Baba ya ce, "Sanda ce tsohon ya ɗaga. Amma rana tana idon Madugu, kuma mai ƙishirwa da rana a ido, sanda da mashi ɗaya suke a wurinsa. Ban ce ya yi zalunci ba, ban ce bai yi ba, wannan yana wurin Mai shari'a. Abin da na sani, shahidi ba a yi masa salla don ba ya bukata. Ni kuma na dubi abokina, mutumin da ya goye ni a bayansa da na yi zazzaɓi a Cadi, na ga yana tafiya wurin Ubangiji da jinin tsoho a hannu. Na ga mutum mai bukatar salla. In na bari aka kira shi shahidi, wa zai roƙa masa gafara?" Na ce ai an ce jininsa ya wanke shi. Ya ja igiyar ya ɗaure, ya ce, "Wataƙila. Amma ni mai ruwa ne, ban taɓa ganin an wanke jini da jini ya fita ba." Bindigar kuma ya ce ya naɗe ta a rawanin mamacin ya miƙa wa matarsa, bai ƙara ganinta ba.

A shekarar nan ne nake neman takardar zama ɗan ƙasa, don an yi mini alkawarin aiki a wani ofis, aikin zama a inuwa, ba garwa ba faranti. Takardar ba ta fita sai shehun unguwa ya rubuta shahada, wato shaida, cewa ya san ka, ya san ubanka. Na kai wa Alhaji Babba tawa, ya karɓa ya sa a ƙarƙashin matashi ya ce in dawo. Na dawo sau uku yana cewa bukra, wato gobe. Ana cikin haka ranar sadaka ta zo, kuma a wannan shekarar akwai baƙo, wani malami da ya zo aikin Hajji daga gida ƙasar Hausa, mai son jin tarihi. Aka ba shi labarin carbi da ragon layya, ya yi ta hawaye. Da ya share ido sai ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Shin akwai wanda ya gani da idonsa?" Wani da bai iya bakinsa ba ya nuna ƙofa.

Malamin ya sa aka kira Baba har kan darduma, karo na farko a rayuwarsa. Ya ce, "Malam, don Allah ina neman shahadarka." Ina tsaye da tulun wanke hannu ina roƙon Allah a zuciya ya sa Baba ya ce ya manta. Bai ce ba. An haɗa shi da Allah, sai ya faɗa, daidai yadda ya faɗa mini, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo kan libarba wuri ya kaure. Wannan yana a'uzubillahi, wancan yana cewa a fitar da shi, tsohon nan mai goro yana ihu wai Madugu bai taɓa riƙe ko wuƙar yanka albasa ba. Sai Alhaji Babba ya ɗago kai. Ya juyo kawai ya dube ni, ni kaɗai, kallo mai tsawo. Na ajiye tulun. Na ji bakina yana cewa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Jama'a ku yi haƙuri. Baba tsufa ya kama shi, kwanakin nan ya fara ruɗewa. Ko a gida haka yake, yana faɗin abin da ba a yi ba."

Mutumin da nake faɗa wa haka yana ɗaukar garwa biyu ya hau tudun Harra bai huta ba, kuma ya san sunan kowace rijiya daga Cadi zuwa bakin teku. Mutane suka sauke ajiyar zuciya, wasu har da dariya, aka ce Allah sarki, tsufa ba ta da magani. Baƙon ya dafa kafaɗar Baba yana masa addu'ar samun sauƙi. Baba ya dube ni sau ɗaya, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya nemi takalmansa a cikin tarin takalma ya fita. Washegari Alhaji Babba ya aiko mini da takardata.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ranar da na fara aiki ya sa mini albarka, ya ce in riƙe amana. Inna ce ta daina zuba mini tuwo da hannunta, sai ta tura mini kwanon da ƙafar ludayi. A unguwa kuwa sunansa ya sake, daga Wanke-Shahidi ya koma tsohon nan da ya ruɗe, kuma ni na raɗa masa. Bayan shekara biyu ya kwanta ciwon ajali. Da ya cika, na naɗe hannun riga zan shiga wanka, sai maƙwabcinmu mutumin Cadi ya tare ƙofa ya ce, "Ya waladi, ɗana, yi haƙuri, wasiyya ya bar mini. Ya ce ni zan wanke shi." Na tsaya a waje ina miƙa ruwa ta bayan labule. Na yi shekara talatin da wani abu a ofis ɗin nan, na gina gida, na aurar da 'ya'ya, duk a kan takardar nan, kuma ban taɓa buɗe baki na gyara abin da na faɗa ba.

Shi ya sa na ce wa 'yata ta kai ni taron. Istirahar tana da ciyawa kore da fitilu, an jera kujeru, ana zagawa da gahawa da dabino. Libarbar tana cikin akwatin gilashi a tsakiya, samari suna ɗaukar hoto da ita. Wani matashi cikin tattaɓa-kunnen Madugu ya tashi ya yi jawabi da Larabci, ya ce kakansu ba rago ba ne, namiji ne da ya mutu yana harbi, kuma wanda ya mutu yana kare mutanensa shi ne shahidi na gaske. Aka yi tafi. A zamaninmu bindigar ce abin kunya, yau ragon ne abin kunya. Tsohon makiyayi kuwa ya zama mutum uku, kuma har yanzu ba wanda ya san sunansa.

Na ɗaga sandata na ce ina da magana. Na yi ta da Hausa, don da Hausa na yi ɓarnar. Na ce harbi ɗaya ne, mutum ɗaya ne, tsoho ne mai sanda. Na ce mahaifina ya faɗi wannan a gaban iyayenku, aka ƙaryata shi, kuma ni ɗansa na ce ya ruɗe, alhali ƙarya na yi, hankalinsa ya fi na duk wanda ke kan dardumar nan. Matashin ya saurara da ladabi, ya yi murmushi ya ce, "Ya ammi, ala rasi. Bas indak shahada? Ya'ani waraga, takarda?" Wato, Baffa, na ji na girmama, amma kana da shahada? Shahadar da na sani ta mai gani da ido ce, shi kuwa mai hatimi yake nufi. Na ce ba ni da ita. Ya ce, "Tayyib, Allah ya ƙara lafiya," aka ci gaba da zuba gahawa.

Ina neman hanyar fita sai wani ya kama hannuna. Ƙaramin ɗan Alhaji Babba ne, sa'ana, tare muka yi tsintar ƙwallon dabino, yanzu a keken guragu ake tura shi. Shi ne ɗayan da ya rage. Ya jawo ni ƙasa ya ce, "Kai ma da neman magana. Bar yara su yi murnarsu." Na ce, "Ina kuka samo bindigar?" Ya ce, "A adakar kakata mana. Tun muna yara muke ganinta, a naɗe cikin rawani. Babana ya sani, mai goro ya sani, duk manyan nan sun sani. Ba wanda ya ɗauka ubanka ƙarya yake, kawai dai ba a so a faɗa ne." Na ce, "Kuka bar shi a wajen takalma shekara talatin?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce zamani ne. Sannan ya yi 'yar dariya, kamar wanda ya tuna abin ban dariya na yarinta, ya ce, "Kai kuma ranar nan ka ba mu mamaki, wallahi. Ba wanda ya sa ka. Takardarka ai tun kafin sadaka da mako guda babana ya sa mata hannu, ni na kai masa tawada. Mantawa ya yi da ita a ƙarƙashin matashi."

Na ce, "To kallon da ya yi mini fa?"

Ya ce, "Wane kallo? Kai ne mai tulu. So yake ka zo ka zuba wa baƙo ruwa a tashi taron."

'Yata ta zo ta kama ni ta ce, "Abuya, esh fik? Me ya same ka?" Na ce mata ba komai, ta kai ni mota. A hanya ta tambaye ni ko mu biya maƙabartar Baƙi'a gobe in ziyarci kakanta. Na ce mata kaburburan can ba suna, kuma ranar da aka binne shi a bayan mutane na tsaya, ban ga inda aka sa shi ba.